Gwiwoyin Gwaggo da Abin da Muke Kira Sanyi

A da, kafin ka ga Gwaggo ta tashi daga bakin banda, jin ta za ka fara yi. Takan dafa ƙasa da hannu ɗaya, ta kama bakin ganga da ɗayan, ta ce "wash, Allah", sai gwiwar dama ta yi wata ƙara irin ta busasshen kara idan an taka shi. Ko ta miƙe, ba ta tafiya nan take. Sai ta tsaya tukuna, ta ɗan motsa ƙafar kamar mai tashin yaro daga barci. A Wara na girma, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, kuma na buɗe ido na ga wannan yayar mahaifina tana ɗauko kwandon kifi daga bakin ruwa har gida ba ta sauke ba. Yau taku hamsin kan sa ta nemi wurin zama.

Idan ka tambaye ta abin da ke damunta, amsarta ɗaya ce: "Sanyin ruwan nan ne ya shige ni, ɗan nan." Tana da hujjarta. Ba ta wuce shekara goma ba lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taso ya cinye garinsu na bakin kogi, suka zama cikin mutum wajen 44,000 da aka tasa aka sake wa matsuguni. Tun daga nan ba ta rabu da tafkin ba. Wankin kifi da asuba, tsayuwa cikin ruwa har gwiwa ana ciniki da masunta, sannan tsugunno a gaban hayaƙi har rana ta faɗi. Shekara hamsin tana haka.

A ƙasar Yauri, daga Shanga zuwa Yelwa har Wara, kalmar sanyi buhu ce da muke zuba komai a ciki. Tsoho mai ciwon gwiwa, sanyi. Amarya da yatsunta suka kumbura, sanyi. Yaron da ke kuka da kwankwaso, shi ma sanyi. Wasu su ce amosanin gaɓoɓi, wasu su ce sanyin ƙashi. Likitoci kuwa sun ƙirga cututtuka sama da 100 masu taɓa gaɓa, kowacce da sababinta da maganinta, kuma maganin wata yana iya zama guba ga mai wata. Rashin rarrabe su ne ya kusa raba mu da Gwaggo shekara uku da suka wuce, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya taɓa cin ƙafar rago ko cinyar kaza ya san gaɓa, ko da bai shiga aji ba. Wannan farin abu mai santsi da ke lulluɓe da kan ƙashi, wanda yara ke gurgura, shi ne guringuntsi. Shi ke hana ƙashi ya goga ɗan'uwansa. Kewaye da gaɓar akwai wata 'yar jaka mai tsattsafo da ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa, wanda ke yi wa gaɓar aikin mai. Daga waje kuma jijiyoyi da tsoka ne ke riƙe da ita. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini. Abincinsa daga wannan ruwan mai yauƙi yake samu, kuma sai an motsa gaɓar ruwan ke shiga yana fita, kamar yadda soso ke shan ruwa idan an matsa an saki. Don haka gaɓar da aka daina motsawa yunwa take ji.

Ciwon Gwaggo shi ne ciwon gaɓar da ya fi yawa a duniya, wato amosanin zaizayewar guringuntsi. A hankali wannan santsin yake sirancewa, ya yi kaushi, ya tsattsage, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri, ya fitar da ƙananan tsiro a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke ɗauke da shi, kashi 60 cikin ɗari mata ne, kashi 73 cikin ɗari kuma sun haura shekara 55. Gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa, mutum miliyan 365. Daga ita sai kwankwaso da yatsun hannu.

Shekaru na kawo shi, gado na kawo shi, nauyin jiki na kawo shi, haka ma tsohuwar targaɗe ko karayar da ta ratsa cikin gaɓa aka ɗora ta a karkace. Amma a wurinmu ina ganin sana'a ce babba. Ka je gonakin albasa na bakin ruwa da rani ka ga yadda ake wuni a tsugune ana dashe da cire ciyawa. Ka dubi matan da ke hawo gangaren tafki da bahon kifi a ka, da 'yan dakon da ke loda buhuna cikin jirgi ranar kasuwa, da masuncin da ya shekara arba'in yana jan taru da tuƙa filafili. Tsugunno da durƙuso da ɗaukar kaya mai nauyi na tsawon shekaru duk an tabbatar suna cin gwiwa. Ruwan tafki kuwa ba ya ratsa fata ya shiga ƙashi. Gaskiya ne mutane da yawa sun fi jin jiki da hunturu, domin tsoka kan ɗaure, mutum kuma ya rage motsi, amma iskar hunturu tana tayar da ciwon da ke kwance ne kawai. A garuruwan da ba su da ko rafi ma tsofaffi na fama da gwiwa.

Wannan ciwo yana da halinsa. Aiki ke tsananta shi, hutu ya kwantar da shi. Da safe gaɓa kan ɗaure, amma kafin rabin sa'a ta saki. Saukowa gangare ya fi hawa zafi. Idan ya daɗe, ƙafafu kan lanƙwashe kamar baka.

Abin da ya kai Gwaggo asibiti ba gwiwar ba ce. Wani mai tallar magani ne da ke zuwa kasuwa ya haɗa ta da abin da ake kira haɗi, ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban a ƙulle cikin 'yar leda, babu suna, babu kwali. Ranar da ta fara sha ta ce kamar an zare mata ƙaya. Ta koma aiki da ƙarfinta. Bayan wata biyu fuskarta ta cika ta yi kumatu, maƙwabta na cewa, "Kai, Gwaggo, kin murmure!" Mu ma mun yi murna. Ta shekara biyu tana sha, daga ƙulli ɗaya a rana ta koma biyu. Sai ƙishirwa ta dame ta, fitsari ya yawaita da dare, ƙirjinta na zafi kamar an zuba barkono. Wata safiya 'yarta ta kira ni a waya tana kuka, ta ce bayan gidan Gwaggo ya koma baƙi ƙirin, kuma jiri ya kayar da ita a tsakar gida.

A asibitin gwamnati na Yelwa likita ya zazzage ledar a kan tebur, ya ware ƙwayoyin da bakin biro. Biyu daga ciki 'yan gida ɗaya ne, diklofenak da firoksikam. Kowanne shi kaɗai magani ne mai kyau idan an sha shi na 'yan kwanaki a kan ƙa'ida, amma idan aka haɗa su aka daɗe ana sha, suna cinye bangon ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, suna ɗaga hawan jini, suna gajiyar da ƙoda. Abin ya fi muni ga tsoho, da manomi ko masuncin da ke wuni a rana yana zufa ba ya shan isasshen ruwa. Baƙin bayan gidan nan jini ne da ya narke a ciki.

Wata ƙaramar farar ƙwaya a ciki kuwa deksametason ce, wadda wasu mata ke sha don ƙiba suna kiran ta sha-ka-fashe. Tarihin danginta ya isa a ji shi. A 1948, a asibitin Mayo da ke Amurka, wani likita mai suna Philip Hench ya yi wa wata mata da amosani ya kwantar allurar kotison, cikin kwanaki kaɗan ta miƙe tana tafiya. Duniya ta ɗauka an gano maganin amosani, har aka ba shi da wasu masana biyu kyautar Nobel a 1950. Ba a daɗe ba likitoci suka ga abin da ke biyo baya ga wanda ya ɗore da sha: kumburin fuska, ciwon sukari, hawan jini, ƙashi ya yi rauni ya riƙa karyewa da ƙaramin dalili, jiki ya kasa yaƙar ƙwayoyin cuta, wani ma kan ƙashin kwankwasonsa ya mutu. Tun daga lokacin ake ba da shi da lissafi. Abin da likitoci suka gane shekara saba'in da suka wuce, shi ne har yau ake sayar wa iyayenmu a faranti, kusa da mai goro. Ina ganin wannan zalunci ne, kuma hukumomin da ke kula da magunguna su ne ya kamata su bi kasuwannin ƙauye su hana.

Na yi niyyar in watsar da sauran ledojin a ranar, likitan ya riƙe hannuna. Ya ce wanda ya daɗe yana shan irin wannan ƙwaya, jikinsa ya daina yin nasa sinadarin, idan aka yanke masa rana ɗaya yana iya faɗuwa, har a rasa shi. Sai dai a riƙa rage masa a hankali. Duk mai wani a gida da ke kan haɗi, ya ɗauki ledar ya kai shi asibiti da ita, kada ya ƙwace kawai.

Da ta samu sauƙi aka dawo kan gwiwa. Tambayoyin da likitan ya yi mata kowa zai iya yi wa kansa. "Mama, wace gaɓa ce ta fara? Da safe ya fi tsanani ko bayan kin yi aiki? In kin tashi daga barci, har yaushe ƙafar ke sakin ki? Tana zafi in an taɓa? Akwai zazzaɓi?" Aka ɗauki hoton ƙashi, ya ɗaga shi a taga ya nuna mana. Guringuntsi ba ya fita a hoto, sai dai a ga rata tsakanin ƙasusuwa biyu. A gwiwar Gwaggo ta dama, ratar ta ɓangaren ciki ta kusa rufewa.

A kan bencin da muke jira akwai wata yarinya da ba ta kai talatin ba, goye da jariri, mijinta ne ke riƙe mata kati domin yatsunta ba sa dunƙulewa. Hannu biyun duka sun kumbura, gaɓa da gaɓa, kamar an auna. Ta ce mana tun asuba har hantsi ba ta iya ɗaura zane da kanta. A garinsu an ce jifa ne, an yi mata turare, an yi tsaga. Har yau ina tuna ta, domin nata ciwon daban ne da na Gwaggo ko da yake suna ɗaya muke kiran su. Nata shi likitoci ke ce wa rumatoyid. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar cuta, take juyowa ta far wa jakar da ke kewaye da gaɓa, ta kumbura ta, ta ci guringuntsi da ƙashi. Yakan fara da ƙananan gaɓoɓin hannu da ƙafa, dama da hagu tare, ɗaurewar safe ta kai sa'a ɗaya ko fiye, ga kasala da rama. Yana iya taɓa ido da huhu da zuciya. Mutum miliyan 18 ne ke da shi a duniya a 2019, kashi 70 cikin ɗari mata. A nan lokaci shi ne komai: idan aka fara magani cikin watannin farko, ana iya tsare gaɓoɓin, yatsan da ya riga ya karkace kuwa ba ya komawa. Maganin da aka fi farawa da shi, metotireksat, sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, ana auna jini lokaci-lokaci, kuma mai ciki ko mai shayarwa ba ta shan shi. Duk wata guda da yarinyar nan ta yi tana neman wanda ya jefe ta, a yatsunta ta biya shi.

Akwai kuma na masu hali, ko da yake talaka ma yana samu, wato gawut. Wani kawuna dillalin albasa ya kwanta lafiya, cikin dare babban yatsan ƙafarsa ya tashe shi, ya yi ja ya kumbura, ko mayafi ba ya so ya taɓa. Wani gishiri ne da jiki ke yi, ya yi yawa a jini ya daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Yawan jan nama da kayan ciki, lemon kwalba mai zaƙi, giya, ƙiba, raunin ƙoda da wasu magungunan hawan jini na tayar da shi. Yana da magani mai hana shi dawowa, alofurinol, ga wanda zai jure shan sa kullum.

Wasu ciwon gaɓar ba sa jiran ranar kasuwa. Gaɓa guda ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi, mutum ya kasa motsa ta, ga zazzaɓi: wannan yana iya zama mugunya ce ta taru a ciki, kuma cikin 'yan kwanaki tana iya cinye gaɓar gaba ɗaya. A ranar ake tafiya asibiti, ko da a kwale-kwale ne. Shi ya sa nake roƙon wanzamanmu, waɗanda nake girmamawa, su bar yin tsaga ko kafa ƙaho a kan gaɓar da ta kumbura, domin ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 da ya yi ciwon maƙogwaro, bayan mako biyu ko uku ciwo ya riƙa yawo daga gwiwa zuwa idon sawu zuwa gwiwar hannu, zuciyarsa ce ke cikin haɗari. Gaɓoɓin za su warke, amma cutar na iya lalata ƙofofin zuciya har abada. Mai sikila, wadda muke kira amosanin jini, idan ya fara ɗingishi yana kuka da kwankwaso, a duba shi da wuri, don jini kan daina isa kan ƙashin. Makiyayi ko mai shan madarar da ba a tafasa ba, da ke fama da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, da zufar dare da ciwon baya, akwai cutar da ake ɗauka daga dabbobi mai yin haka, kuma tana jin magani. Tarin fuka ma yana sauka a ƙashin baya.

Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa. Duk mai lasifika da ya ce yana da garin da ke tsiro da shi, kuɗinka yake so. Sai dai zafin da mutum ke ji ba a hoton ƙashi kaɗai yake ba, kuma a nan ne na ga abin mamaki. Babban maganin da aka rubuta wa Gwaggo motsi ne. An nuna mata ta zauna a bakin gado ta miƙar da ƙafa, ta riƙe ta a sama ta ƙirga goma, ta sauke, sau goma safe da yamma. Tsokar gaban cinya ita ce mai gadin gwiwa. Idan ta yi ƙarfi, ita ke karɓar nauyin da zai sauka a gaɓar. Da farko ta ƙi. "Ƙafar da ke ciwo ita zan ƙara wahalarwa, ɗan nan?" Haka yawancinmu ke tunani, sai mu kwantar da tsoho a ɗaki don tausayi, tsokarsa ta zube, gaɓar ta ƙara ɗaurewa, cikin shekara ɗaya ya koma sai an ɗaga shi. Jikarta ce ta ɗauki nauyin ƙirga mata, kuma bayan wata biyu ita da kanta ta ce ƙafar ta fara jin magana.

Sai rage nauyi. Bincike ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin wajen kilo huɗu a kowane taku. Gwaggo ta sauke abin da sha-ka-fashe ya ɗora mata, ta rage tuwon dare, ta bar lemon kwalba saboda sukarin da ƙwayar ta tayar mata. Sanda ma da ta daɗe tana ƙi, wai kada a ce ta tsufa, ta karɓa, kuma an koya mata ta riƙe ta a hannun hagu tunda gwiwar dama ce mai ciwo. Mutane da yawa a ɓangaren ciwon suke riƙewa, su ce sanda ba ta da amfani. Gashi da tsumma da ruwan ɗumi yana taimaka mata, haka ma tausa da man kaɗanya. Likita bai hana ba. Maimakon ƙwaya, an ba ta man shafawa mai diklofenak, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, da farasitamol na ranar da abin ya matsa.

Idan gaɓa ta lalace ƙwarai, ana iya sauya ta da ta ƙarfe da roba. Ana yin wannan aiki a Najeriya, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, amma kuɗinsa miliyoyin naira ne, ba na mai bandar kifi ba. Ƙwararrun likitocin amosani kaɗan ne a ƙasar nan, mai rumatoyid daga Ngaski sai ya dangana da Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar sa'o'i. Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne ma'aikacin gashin ƙashi da motsa jiki a kowane babban asibiti na masarautar Yauri, da ma'aikatan asibitocin ƙauye da aka koya wa tambayoyin nan guda biyar. 

Abin da ya fi ci wa Gwaggo rai, ta faɗa mini wata rana da dare, ba kasuwar da ta rage zuwa ba ce. Sujada ce. Ta shekara tana cije baki tana durƙusawa, idan ta tashi hawaye na zuba, tana ganin in ta zauna a kujera sallarta ta ragu. Sai da limamin unguwa ya zo har gida ya duba ta, ya zauna a bakin ƙofa ya yi mata bayani cewa shari'a ta yarda marar lafiya ya yi salla a zaune idan tsayuwa ko durƙuso na cutar da shi, kuma Allah ya san abin da ke gwiwarta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Malam, Allah ya saka da alheri." Washegari ta sa aka kawo mata farar kujerar roba ta ajiye kusa da dardumarta.

Gangar bandar ma mun ɗora ta a kan bulo uku, aka yi mata benci mai tsawo, ta daina tsugunno. Da na je gida cikin hunturun bara, na same ta bayan asuba tana gangarawa bakin ruwa, sanda a hagu, jikarta na biye da baho. Hazo ya rufe tafkin, jiragen masunta na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya sau biyu a hanya ta huta. Na ce, "Gwaggo, yaya gwiwar?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan, sai dai sanyin nan na bana." Sannan ta ce in na bi ta Yelwa in sayo mata man shafawar nan guda biyu, nata ya kusa ƙarewa, ta juya ta fara taya wani masunci kifinsa.